Kaset Mai Kwana Arba'in: Darasin Rikoda Mai Tsallake ga Makarantu da Tashoshin Jiragen Ruwa na Ngaski

Gabatarwa

A shekarar 2021 ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ta ga masifa biyu cikin kwana 22. Ranar 26 ga Mayu wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya tarwatse kusa da Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar, da mutum fiye da 150 a cikinsa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana kata, suka kashe ɗan sanda, suka yi awon gaba da ɗalibai masu yawa da wasu malamai. 'Yan matan da suka rage a hannunsu ba su dawo gida ba sai a 2023. A watan Nuwamba na 2025 aka sake ganin irin wannan ta'asa a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja.

Duk lokacin da irin haka ta faru, ɗaya daga cikin shawarwarin da akan fara ji ita ce a kafa kyamarorin tsaro. Shawarar ba ta banza ba ce, amma akwai tambayoyi uku da ya kamata a amsa kafin a kashe ko kwabo: yaya saurin haɗarin da ake so a gani yake, wa zai zauna yana kallo, wa kuma zai tashi ya kai ɗauki. Babu abin da ya fi koyar da waɗannan tambayoyi a fili kamar tarihin wata tsohuwar na'ura da aka daina yayinta, wato rikodar bidiyo mai tsallake, wadda kan cusa hotunan kwana arba'in a cikin kaset ɗaya na awa uku. Kaset guda irin wannan zai iya ɗauke ranar Wara da ranar Birnin Yauri duka biyu, har a sami ragowar kwanaki. Abin nazari shi ne me mai kallo zai iya gani a cikinsa, kuma yaushe zai gan shi.

Daga Furen Lambu zuwa Ƙofar Banki

Dabarar ɗaukar hoto da tsallake ba daga wurin masu tsaro ta samo asali ba. Masu nazarin halittu ne suka fara bukatarta, domin akwai motsi da yawa a duniyar tsirrai wanda idon ɗan Adam ba ya iya kamawa saboda tsananin nawarsa. Kowane manomi ya san wake kan nannaɗe karan dawa, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga yana nannaɗewar. A shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis sun buga littafi a kan motsin tsirrai. Yadda suka yi binciken shi ne su ɗiga alama a kan gilashi daidai inda kan tsiro yake, su jira wani lokaci, su sake ɗigawa, sannan su haɗa ɗigogin da layi. Bayan zuwan majigi sai aikin ya yi sauƙi. A 1910 wani Bature ɗan Ingila mai suna Percy Smith ya nuna fim ɗin fure yana buɗewa: ya ɗauki hoto ɗaya, ya jira, ya ɗauki wani, da aka haska su a jere da sauri sai aikin kwanaki ya wuce cikin 'yan sakanni.

Su kuwa masu tsaro matsalarsu daban ce. An yi amfani da kyamarar talabijin mai rufaffiyar hanya tun 1942 a Jamus, domin kallon harba roka daga nesa, amma ba a ajiye hoton, sai dai mutum ya zauna yana kallo. A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da rikodar bidiyo ta farko da ta shiga kasuwa, mai girman kabad, mai tsadar da sai gidajen talabijin ke iya saye. Daga baya kaset ya zo: U-matic na Sony a 1971, Betamax a 1975, sai VHS na JVC a 1976, wanda shi ne ya mamaye gidaje har ya zama tushen finafinan Hausa na Kano a shekarun 1990. To, amma kaset ɗin VHS da aka saba da shi a Nijeriya awa uku yake ci. Banki ko kanti da ke son a ajiye hoton dare da rana sai ya ƙone kaset takwas kullum, ya kuma ajiye mutumin da zai riƙa canza su.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne aron dabarar masu nazarin fure. Maimakon zaren kaset ya riƙa gudu ba tsayawa, sai aka sa ya riƙa tafiya taki-taki: ya matsa kaɗan, a rubuta hoto ɗaya, ya tsaya, ya sake matsawa. Irin waɗannan rikodoji sun yaɗu a bankuna da manyan kantuna da gidajen mai a shekarun 1980, kuma su ne ƙashin bayan harkar kyamarar tsaro har ƙarshen shekarun 1990. Mai na'ura na iya zaɓar kaset ya yi masa awa 24, ko 72, ko 168 wato mako guda, ko 480, har zuwa awa 960, wato kwana arba'in cif.

Lissafin da Ba Ya Ƙarya

Ɗalibin da ya iya sau da rabawa zai iya gano sirrin na'urar da kansa. Tsarin talabijin na PAL da aka yi amfani da shi a Nijeriya yana nuna cikakkun hotuna 25 a sakan ɗaya, kowane an raba shi gida biyu, wato rabin hoto 50 ke nan a sakan. Awa uku sakan 10,800 ce. Idan aka yi 10,800 sau 50 za a sami 540,000. Wannan shi ne iyakar guzurin kaset ɗin, ba ya ƙaruwa ko da hoto ɗaya. Abin da na'urar ke yi kawai shi ne ta raba wannan guzuri a kan tsawon lokacin da aka zaɓa.

Idan aka zaɓi awa 24, wato sakan 86,400, za a sami kimanin hoto shida a kowane sakan. Motsi zai fito yana ɗan tsalle-tsalle, amma ana gane abin da ke faruwa. Idan aka zaɓi awa 960, wato sakan 3,456,000, sai ya zama hoto ɗaya a kowane sakan 6.4. Tsakanin wannan hoto da na gaba na'urar makauniya ce.

Yanzu a auna wannan makanta da saurin abubuwa. Mutumin da ke tafiya a ƙasa cikin natsuwa kan ci kimanin mita tara a sakan 6.4. Mai gudu kan ci mita talatin. Babur da ke tafiyar kilomita 60 a awa kan ci fiye da mita 100. Ma'ana, idan kyamara tana kallon ƙofar makaranta da fili mai faɗin mita 30, babur na iya shigowa ya wuce ba tare da ya bar ko inuwarsa a kaset ba. Amma lodin jirgin ruwa da ke ɗaukar awa guda zai bar hoto fiye da 560, isassu a ƙirga fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga buhuna da babura, a kuma ga yadda gefen jirgi ke ta nutsewa cikin ruwa sannu a hankali.

Da aka shiga shekarun 1990 sai aka ƙara wata na'ura ta karɓa-karɓa, wadda ke haɗa kyamarori da yawa a kan kaset ɗaya, tana ɗaukar hoto daga wannan sannan daga wancan. Wannan ya rage tsada, amma guzurin bai ƙaru ba, bakunan ci ne suka ƙaru. Kyamara 16 a kan kaset ɗin awa 72 na nufin kowace kyamara sai ta jira kusan sakan takwas kafin layi ya zo kanta. Misali mafi shahara na wannan rauni ya faru ranar 11 ga Satumba, 2001, lokacin da jirgin sama ya faɗa wa ginin ma'aikatar tsaron Amurka. Kyamarar bakin ƙofa tana ɗaukar kimanin hoto ɗaya a sakan, jirgin kuwa yana cin fiye da mita 200 a sakan, saboda haka abin da ya rage a hoton shi ne wani dishi-dishi sannan ƙwallon wuta.

Wannan ƙa'ida ce da kowane mai binciken kimiyya ya sani: tazarar da ke tsakanin awo da awo dole ta dace da saurin abin da ake aunawa. Likita ba ya auna bugun zuciya sau ɗaya a mako, malamin gona kuma ba ya auna tsawon kuka kowane minti. Injiniyoyin rikodar sun gane haka, shi ya sa suka yi mata wata kafa ta ƙararrawa. Idan aka buɗe ƙofa ko ma'aikacin banki ya taka maɓalli, sai na'urar ta bar tsallake ta koma ɗauka cikakkiya. Wato tun a wancan zamani an yarda cewa sai wani abu daga waje ya gaya wa na'urar cewa lokacin haɗari ya yi.

Sauran raunin na'urar na hannun mutane ne. Kan da ke rubuta hoto yana juyawa dare da rana yana gogar zare, don haka zaren da kan duka suna cinyewa. A Ingila an saba ajiye kaset 31, ɗaya ga kowace ranar wata, a kuma zubar da su bayan an maimaita su 'yan lokuta. Inda aka yi sakaci, sai ranar da aka yi fashi a tarar an manta ba a sa kaset ba, ko agogon na'urar ya ɓata, ko hoton ya koɗe har ba a bambance fuskar mutum da ƙwarya. Daga ƙarshen shekarun 1990 rikoda mai ajiya a faifan kwamfuta ta fara ture ta, a 2016 kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina. Na'urar ta tafi, amma lissafinta na nan. Har yau duk wanda ya sayi kyamara sai ya zaɓa tsakanin yawan kwanakin ajiya, da yawan hotuna a sakan, da kyawun hoton, domin faifai ma yana cika, batir kuma yana ƙarewa.

Ido, Jijiya da Tsoka

Ilimin halittu yana da darasi na biyu. Idan yaro ya taɓa tukunya mai zafi, saƙo kan tashi daga fatarsa ta jijiya zuwa laka, daga can wani saƙo ya koma ga tsokar hannu, hannun ya janye tun kafin ƙwaƙwalwa ta gama tantance abin da ya faru. Sassa uku ne ke aiki: mai ji, mai kai saƙo, da mai aiwatarwa. Idan aka yanke jijiyar, fata za ta ƙone ko da lafiyarta ƙalau. Wannan ne ma ya sa kuturta ke cin yatsu, domin ƙwayar cutar jijiya take lalatawa, sai mutum ya riƙa jin rauni ba tare da ya sani ba.

Haka abin yake a garken dabbobi. Zabuwar da ta hango shaho ba shiru take yi ba, kuka take yi, sauran kuma su ruga cikin ciyawa. A 1980 masu bincike uku, Seyfarth da Cheney da Marler, sun nuna cewa wasu birai na gandun Amboseli a Kenya suna da kukan gargaɗi daban-daban: na damisa, wanda ke sa su haye bishiya, na gaggafa, wanda ke sa su dubi sama su shige kurmi, da na maciji, wanda ke sa su miƙe tsaye su dubi ƙasa. Amfanin idon mai gadi a cikinsu yana ga kukan da ya biyo baya, da kuma sanin da kowa ya yi na abin da zai aikata idan ya ji shi.

Kyamarar da ke ajiye hoto kawai ido ce da ma'ajiyar tunani, ba ta da jijiya ba ta da tsoka. Abin da take bayarwa shi ne shaida bayan aukuwar abu, wanda Bahaushe ke kira ihu bayan hari. Ko an ajiye mutum gaban allo ma akwai iyaka. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Norman Mackworth, ya buga sakamakon gwajin da ya yi saboda masu kallon na'urar hango jiragen yaƙi. Ya sa mutane su zura wa hannun wani agogo ido na awa biyu, su faɗa duk lokacin da ya yi tsalle biyu maimakon ɗaya. Ya tarar cewa bayan rabin awa na farko kuskurensu kan ƙaru sosai. Maigadi ɗaya da aka bar wa allo daga magariba zuwa asuba ba zai fi su ba, komai amanarsa.

Abin da Masu Goyon Bayan Kyamara ke Faɗa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon baya na cewa hoto shaida ce da ba ta tsoro ba ta karɓar toshiya, kuma gani ya kori ji. Gaskiya ne. A 1993 hoton kyamarar wata kasuwa a Bootle, kusa da Liverpool, ya nuna yara biyu suna jan wani yaro ɗan shekara biyu wanda daga baya aka tsinci gawarsa. Hoton ya girgiza Ingila, ya kuma sa gwamnatinta ta zuba kuɗi masu yawa a kyamarorin titi. Sai dai a lura, hoton ya taimaki bincike ne, bai ceci yaron ba.

Suna kuma cewa ganin kyamara kaɗai na hana ɓarawo. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma an auna ta. A 2009 masana biyu, Welsh da Farrington, sun tattara sakamakon bincike fiye da arba'in, suka tarar cewa kyamara ta rage laifi da kimanin kashi 16 cikin ɗari gaba ɗaya. Amma mafi yawan wannan ragi daga wuraren ajiye motoci ya fito, inda ya kai kusan rabi, a tsakiyar birane kuwa ragin kaɗan ne. Dalilin a bayyane yake. Ɓarawon mota yana tsoron a gane fuskarsa, domin a gari yake kwana kuma ɗan sanda na iya zuwa ƙofar gidansa. Ɗan bindigar da ke zuwa cikin ayarin babura ya koma daji ba ya ɓoye fuska. Wasunsu ma da kansu suke ɗaukar bidiyo su watsa.

Nijeriya kuma tana da nata darasin mai tsada. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi, domin kafa tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas. Cikin 'yan shekaru da yawansu suka daina aiki, aka sace batura da farantan hasken rana, har Majalisar Wakilai ta gudanar da bincike. Idan haka ta faru a babban birnin ƙasa, to wanda zai kafa kyamara a gefen tafkin Kainji, inda wutar lantarki ba ta tabbata ba duk da madatsar da aka gama tun 1968 tana kusa, sai ya fara tunanin wanda zai share ƙurar hunturu daga gilashi, da wanda zai sayi sabon batir bayan shekara biyu.

Inda Tsallake ke da Amfani: Bakin Ruwa

Haɗarin jirgin ruwa a tafkin Kainji kan faru cikin 'yan mintoci, amma sanadinsa a hankali yake taruwa. Lodi fiye da kima awa guda ake yi ana jibga shi a bainar jama'a. Katakon jirgi watanni yake yi yana ruɓewa. Ruwan tafkin kansa yana hawa yana sauka da mitoci da yawa a shekara, domin kogin Kwara ambaliya biyu yake kawowa: farar ambaliya ta damina daga ruwan saman da ke sauka a kusa, da baƙar ambaliya da ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini. Idan ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye lokacin da aka tashi mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu sai su matso kusa da saman ruwa. Waɗannan duka abubuwa ne masu nawa, irin waɗanda aka ƙirƙiri ɗauka da tsallake dominsu.

Saboda haka kyamara ɗaya mai aiki da hasken rana a tashar jiragen ruwa ta Wara ko ta Yelwa, tana ɗaukar hoto ɗaya a minti, za ta yi aiki na gaske. Hoto 1,440 ke nan a rana. Idan kowane hoto ya ci kilobayit 200, katin ajiya mai gigabayit 32, irin na wayar hannu, zai ɗauki fiye da kwana ɗari. Sai a haɗa ta da wata tsohuwar dabara. A 1876 majalisar Ingila ta yi dokar da ta tilasta zana layi a jikin jiragen ruwa, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, domin kowa ya ga iyakar lodi. Fenti gwangwani ɗaya ya isa a yi wa jiragen katako irin wannan layi. Idan ruwa ya rufe layin, ko yaro ya san an wuce kima, hoton kuma ya zama shaidar da ba a musu.

A nan ma sai an haɗa ido da jijiya da tsoka. Sarkin jirgi da shugabannin ƙungiyar masu jirage da jami'in Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, su ne ya kamata su zauna kowane mako bayan ranar kasuwa su duba hotunan: jirgin wa ya wuce layi, wa ya tashi bayan faɗuwar rana, fasinja nawa ne suka sa rigar kariya. Mai jirgi, ba kamar ɗan bindiga ba, a gari yake zaune, yana da suna da mutuncin da yake karewa, kuma gobe zai dawo wannan tasha. Shi ne irin mutumin da shaida ke gyara wa hali.

Inda Tsallake Ba Ya Isa: Makaranta

Harin makaranta haɗari ne mai sauri, abin da ake bukata a kansa shi ne mintoci na gargaɗi. A sake komawa ga lissafi. Baburan da ke tafiyar kilomita 40 a awa a kan hanyar burji suna cin kilomita biyu cikin minti uku. Kyamarar da ke bisa katangar makaranta, ko da ta hango su daga wannan nisa, minti uku kawai ta bayar. Amma manomi ko bafulatani ko masunci da ya ga ayarin a nisan kilomita 20, idan yana da lambar da zai kira kuma ya amince ba za a tona shi ba, ya ba da rabin awa. Cikin rabin awa ana iya kwashe ɗalibai, ana iya tare hanya. Don haka kuɗin farko ya kamata ya tafi ga sadarwa tsakanin makaranta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da rediyon oba-oba saboda inda layin waya ba ya kaiwa, da jiniya mai ƙara, da yarjejeniya a rubuce da jami'an tsaro mafi kusa a kan wanda zai amsa kira da mintocin da zai ɗauka ya iso.

Bayan wannan sai atisaye. Kamar biran Amboseli, ɗalibai su san bambancin ƙararrawar gobara da ta hari, su san inda kowane aji zai nufa, a kuma gwada sau ɗaya a kowane zango. Nijeriya ta ƙaddamar da shirin kare makarantu a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, ta kuma amince da sanarwar duniya ta kare makarantu ta 2015. Takardun suna nan, abin da ya rage shi ne su zama aikin yau da kullum.

Sai a zo kan kyamara a matsayi na uku. Idan za a kafa ta, ta kalli hanyoyin shigowa daga nesa, ta nuna hoto kai tsaye ba tsallake, masu kallo su riƙa karɓar juna kafin gajiya ta kama su, kuma hannun mai kallo ya kasance kusa da maɓallin jiniya. Na'urar ajiyar hoton a ɓoye ta nesa da ɗakin maigadi, domin ita mahara kan fara fasawa. Kada kuma a kai kyamara ɗakunan kwanan ɗalibai ko makewayi, musamman na 'yan mata. Addini da al'ada sun hana leƙen asirin mutane, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tara hotunan mutane alhakin tsare su.

Gwaji ga Ɗalibai da Malamai

Ba sai an je ɗakin gwaji na jami'a za a tabbatar da wannan bayani ba. Yawancin wayoyin zamani suna da tsarin ɗauka da tsallake. A shuka wake a gwangwani kusa da sanda, a kafa waya a wuri ɗaya, a ɗauki hoto kowane minti biyar na yini biyu, za a ga kan tsiron yana lilo yana neman abin kamawa, abin da Darwin ya bi da ɗigo a kan gilashi. Bayan haka a fita bakin titi da izinin malami. Rukuni ɗaya su ƙirga duk baburan da suka wuce cikin minti goma. Rukuni na biyu su rufe ido, su buɗe sau ɗaya kawai a kowane sakan shida, su rubuta abin da suka gani. Rukuni na uku su yi haka kowane sakan talatin. Idan aka kwatanta alƙaluman a allo, ɗalibai da kansu za su gano dalilin da ya sa tazara ɗaya ta wadatar ga wake amma ta gaza ga babur.

Kammalawa

Rikoda mai tsallake ta yi zamaninta ta wuce, kyamarorin yau sun fi ta kyan hoto da arha, wasu ma suna iya gane motsi su aika saƙo ta waya. Duk da haka tambayoyin nan uku ba su canza ba. Shawara ga shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da majalisun ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga ita ce, duk ɗan kwangilar da ya zo da takardar sayar da kyamara a nemi ya rubuta amsa a kan abu huɗu: hoto nawa take ɗauka a sakan, wa zai kalla a kowace awa ta dare, wa za a kira idan an ga abu, da kuɗin gyaranta na shekara uku. Idan amsoshin sun gamsar, a saya. Idan ba su gamsar ba, a fara sayen fenti da rigunan kariya ga tashar jirgi, da jiniya da rediyon oba-oba ga makaranta, a bar kyamara sai baɗi.